Akushin da Bahaguwa Ta Saƙa

Bangkok, 7 ga Nuwamba

Zuwa ga jikata Kesorn,

Bayan gaisuwa, ina fata kina cin shinkafa kina ƙoshi a wannan ƙasa ta Taiwan, kuma sanyin da kika ce ya fara bai taɓa ƙirjinki ba. Ni ma ina nan da sauran ƙarfina. Gwiwa ce take yi mini gardama da safe. Ido kuwa kin san labarinsa: na hagu yanar ido ta rufe shi, na dama yana ganin mutane kamar ta bayan gidan sauro. Na iso Bangkok ran Talata a jirgin ƙasa. An ba ni ɗaki a gidan ibadar da ke kusa da asibiti, inda ake saukar tsofaffi irina masu jiran likita. An sa ranar aikin idona ashirin da takwas ga wata. Shinkafar garin nan warwas take, ba ta da danƙo, mutum ya ci ya tashi kamar bai ci ba.

Wasiƙarki ta riske ni a ƙauye ana gobe zan taso. Sau uku na karanta ta da gilashin ƙara girma, domin rubutunki yana kwanciya baya irin na bahagwai, kamar na kakarki Buaphan. Yayata ce, na fi kowa sanin wahalar karanta hannunta.

Na yi murna da batun aurenki. Ban san wannan Prasong ba, amma kin ce mutumin Udon ne, a masana'anta ɗaya kuke, kuma ba ya shan giya sai ranar biki. Mutanen Udon akwai barkono akwai surutu, sai dai ban taɓa jin sun bar mace da yunwa ba. Ashirin da ɗaya ga Janairu rana ce mai kyau, na duba.

Saƙonki na riƙe shi: gyalen siliki da 'yan giwayen katako don tsarabar shugabanninku, sai akushi mai ƙafa da za a ajiye a ƙarƙashin hannayenku lokacin da manya za su zuba muku ruwan albarka. Duk na ji. Layi ɗaya ne ya dame ni. Kin rubuta, da sunan kaka da kike kirana da shi: "Ui, kada ka wahalar da kanka. Ko na roba ka samu ka saya, a nan babu wanda zai gane bambanci."

Kesorn, shekara hamsin da ɗaya na yi ina shafa baƙin ƙaro a kan akussan da kakarki take saƙawa da tsagin gora. Aikinmu ya shiga gidajen da mu kanmu ba mu isa mu taka ƙofarsu ba. Uwarki ta rasu, ubanki ya rasu, Buaphan ta bi su. A cikin danginki ni kaɗai na rage wanda ya kamata ya fara zuba miki ruwa, ga shi teku ta shiga tsakani, jikina kuma ba na jirgin sama ba ne. Abin da zai tsaya a madadina ranar nan shi ne akushin. Roba kike so ta tsaya a madadina?

Ran Asabar zan shiga babbar kasuwar ƙarshen mako. An ce babu abin da ba a samu a cikinta. Za mu gani.

Tsawon rai, hasken fuska, jin daɗi da ƙarfi su tabbata gare ki.

Kakanki,
Inkham


Bangkok, 14 ga Nuwamba

Kesorn,

Ina gaishe ki, ina gaida Prasong. Lafiyata ƙalau, sai ƙafa da ta kumbura saboda yawon kwana biyu. Ki zauna sosai, labarin yana da tsawo.

Kasuwar nan ta fi ƙauyenmu girma har da gonakinsa. Lungu cikin lungu, zafi, hayaƙin gasasshen nama, baƙi jajaye da gajerun wanduna suna sayen duk abin da aka zana wa giwa. Tunda ido ba ya taimakona, da hanci da yatsa na yi ciniki. Gyalen sai da na sa mai shago ta zare zare ɗaya ta ƙona a gabana. Ya yi warin ƙonannen gashi, ya zama toka, na san siliki ne. Giwayen kuma na zaɓi waɗanda babu biyu masu kama ɗaya, alamar wuƙa ce ta sassaƙa su.

Akussa ne suka ba ni kunya. A rumfar farko wani mai gashin baki ya tare ni.

"Tsoho, me ake nema? Aikin hannu ne, daga arewa, tsofaffin can ne suka yi."

Na shinshina, warin fenti. Na matsa bakin akushin da tafin hannu biyu, yadda kika sha ganin ina yi, domin na gaskiya yakan ɗan lanƙwasa ya dawo. Wannan sai ya ce ƙas.

"Kai baba, saye ka zo ko fashe-fashe?"

Na ce, "Tsofaffin arewa na zo gaisarwa, na tarar ba sa gida."

Na biya shi kuɗin robarsa. Kafin in kai lungu na uku labarina ya riga ni. Ina jin wata tana ce wa maƙwabciyarta, "Ga mai matse kwanon nan ya iso, ɗauke kayanki."

Ran Lahadi da rana, na gaji har ina neman hanyar fita, na faɗa wata rumfar tsofaffin kaya a can ƙurya. Mai rumfar wata ƙatuwar mace ce, Je Kimlang, tana zaune da mafici a hannu ɗaya, kwanon taliya a ɗayan. Hannuna yana laluben kantar kayanta sai ya sauka a kan wani akushi mai ƙafa, sanyinsa daban.

Ta ce, "Kai ne mai matse-matsen? In ka fasa wannan, gidanka da gonarka ba za su biya ba. Daga fadar Chiang Tung ya fito. Shekararsa ɗari da hamsin."

Na ɗaga shi, ba nauyi, kamar busasshen ganye. Na ɗan matsa, ya ba ni hanya ya dawo kamar mai numfashi. Sai na kife shi, na sa yatsa a ƙarƙashin ƙafar, inda muke barin ƙaro siriri har a ji saƙar. Kesorn, saƙar hagu take tafiya. Duk masaƙan arewa dama suke zagayawa. Mutum ɗaya na sani da take zagayawa hagu, wadda aka ɗaure wa hannu tana yarinya don ta daina, ba ta daina ba. A ƙarshen saƙar kuma ga ƙullinta nan guda biyu, ɗaya a kan ɗaya, don ba ta taɓa yarda da ƙulli ɗaya ba.

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun kayanta ba. Daga nan na ce, "Je, in akushin nan ya shekara ɗari da hamsin, to ni na kusa ɗari biyu, ya kamata ki ba ni kujera."

"Kowace Asabar sai wani tsoho ya zo ya ce kakansa ne ya yi."

"Ni ban ce kakana ba. Yayata ta saƙa, ni na shafa. Jiƙa ƙarƙashin ƙafar da ruwa, ki kai shi rana. Za ki ga ɗigo uku ja a ƙarƙashin baƙin. Ni ba zan gan su ba, ke za ki gani."

Ta tsoma yatsa a ruwan shanta, ta fita bakin rumfa, ta daɗe. Ta dawo ta ajiye akushin a hankali. Sai ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Ta aika aka kawo mini taliya.

Kuɗin da ta sa masa ba na irinmu ba ne, kuma wani mai otal ya ce zai dawo ya ɗauka ƙarshen wata. Amma a bayan kantarta akwai akussa shida masu tsagewa, na gaske, sun shekara uku a ajiye. Ta ce masu gyaran yanzu da gam suke liƙewa su fesa fenti. Na ce zan gyara shidan, ta ba ni na Buaphan.

"Makaho ne zai yi mini gyara?"

"Ba da ido ake shafa ƙaro ba, Je. Ki tambayi ɗigon nan uku."

Ta yi dariya har maficin ya faɗi. Mun shirya. Akushin yana hannunta sai na gama.

Ga inda wahalar take. Likita ya ce bayan aiki sai na yi wata guda ban sunkuya ba, ban kusanci toka ko ƙura ba. In na bari sai bayan haka, ranar aurenki ta wuce, mai otal kuma ya ɗauke. Don haka zan je in ce su ɗage.

Wasiƙar nan zan sa ta cikin kwalin gyale da giwaye. Ma'aikacin gidan waya ya ce jirgin ruwa ya fi sauƙi, kaya kuma ba sa murƙushewa.

Kakanki,
Inkham


Bangkok, 21 ga Nuwamba

Kesorn, ina lafiya, ina fata ke ma haka. Wannan kati ne kawai, hannuna ba shi da sarari. Na je asibiti na ce su ɗage aikin ido. Akushi ba zai zo yanzu ba, kin san dalili. Kada ki sayi na roba.

Inkham


Taoyuan, 3 ga Disamba

Ui Inkham, kakana,

Na haɗa hannu na sunkuya a gabanka. Ina lafiya, sai mura da ta kama duk ɗakinmu. Prasong yana gaisuwa.

Wasiƙarka ta bakwai ga Nuwamba ta zo, na karanta a lokacin hutun rana, ban iya cin abinci ba. Ina cikin tunanin yadda zan ba ka haƙuri sai ga kati mai layi huɗu. Tsakaninsu babu komai. Ka ce na san dalili. Na sani, layin nan ne da na rubuta.

Ui, gwiwarka nake tunani lokacin da na rubuta shi. Na san kasuwar nan, na san zafinta, na hango ka da sanda kana laluben hanya a cikin turmutsitsi saboda ni. Shi ya sa na ce ko na roba. Ni ce fa yarinyar da ta zauna kusa da kai tana taɓa ƙaro a ɓoye har hannuwanta suka kumbura, kaka Buaphan ta yi kwana uku ba ta yi maka magana ba. Kana ganin na manta abin da kuke yi?

In fushi kake da ni, ka yi, na ja. Amma kada ka rama a kan idonka. Wata takwas kana jiran ranar nan. Kai da kanka ka rubuta mini cewa likita ya ce yanar hagu ta nuna, jinkiri ba shi da kyau. Yanzu don wata magana ta yarinya ka je ka ce a ɗage?

Prasong ya ce akwai farin kwanon sha a kicin ɗin gidan ma'aikata, za a wanke shi a zuba furanni, ruwa dai ruwa ne. Na yi masa tsawa, daga baya na ga gaskiyarsa. To ka ji nawa. In ba ka koma asibiti an yi maka aiki ba, kada ka aiko da akushi, ko na zinariya ne. Ba zan sa hannuna a kansa ba. Taurin kan gidanmu ba kai kaɗai ka gada ba.

Gyale da giwaye ma ban gan su ba. In ba ka saya ba, ka bar su.

Jikarka,
Kesorn


Bangkok, 17 ga Disamba

Kesorn,

Ina gaishe ki, ina fata murar ta sake ki. Ki sha ruwan citta da zafinsa. Ni lafiya, har na ɗan yi ƙiba, dalilin yana zuwa.

Na karanta wasiƙarki na rasa inda maganarmu ta saɓa, sai da na koma gidan waya. Ashe jirgin ruwa wata biyu yake yi. A zamaninmu in an ce jirgin ruwa, kwana goma ne daga garin Paknampho. Duk bayanin da na yi miki yana cikin kwali a tsakiyar teku tare da giwaye. Laifina ne. Batun robar kuma na ji, na karɓa. Tsoho mai zama shi kaɗai yakan juya magana ɗaya a baki har ta yi ɗaci.

Ga dalilin da nake nufi, a taƙaice. Na sami akushin da kakarki ta saƙa da hannunta, ni na shafa, a rumfar wata mata mai suna Je Kimlang. Kuɗinsa shi ne in gyara mata tsofaffin akussa shida. Ba fushi ne ya hana ni asibiti ba, aiki ne.

Ƙaron na same shi a nan gidan ibada, wurin masu sabunta zinariyar ƙofofi. Shugabansu ya ga yadda na tsoma yatsa na murza, sai ya miƙo mini gwangwani guda bai tambaye ni komai ba. Na ƙona ganyen ayaba na tankaɗe tokar, na kwaɓa da ƙaro na cike tsagogin. Kin san ƙaro ba ya bushewa a rana, sai a duhu mai laima. Babu rami a nan irin na gidanmu, don haka na kwantar da wata babbar randa a bayan ɗakin wanka, na jera su ciki, na rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. Kowace shafa kwana shida. A fito da shi, a goge da gawayi, a sake shafawa, a mayar. Babu mai iya gaggauta shi, ko sarki ne. Na Buaphan ma akwai 'yar tsaga a ƙafarsa, Je ta yarda ta kawo shi ya shiga randa tare da sauran.

Ita ce dalilin ƙibar. Duk ran Laraba sai ta zo da abinci, wai ta zo duba kayanta. Makon jiya na ce kada ta taɓa, ta taɓa. Wannan makon ta zo hannu a kumbure kamar gwanda.

"Dubi abin da ka yi mini, tsohon banza."

Na ce, "Shekara talatin kina sayar da aikin ƙaro, sai yanzu kuka gaisa."

Ta zage ni, ta ajiye mini shinkafa mai danƙo da ta sa aka nemo. Ta ce mai otal ya dawo ta sallame shi, ta ce masa mai akushin ya zo da kansa daga fadar Chiang Tung.

Kesorn, rabona da in tashi da safe akwai abin da yake jirana tun rasuwar Buaphan. A ƙauye kaji ne kawai suke lura ko na fito. A nan masu zinariya sukan ajiye aikinsu su zo su tsaya a bayana suna kallon hannuna. Ɗayansu ya kira ni malam. Ban hana shi ba.

An ba ni sabuwar rana, talatin ga Janairu. Likita ya yi faɗa, yaro ne, yana da gaskiyarsa. Idon hagu yakan yi mini zafi wani lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma shafa ta ƙarshe za ta fito tara ga Janairu, kuma ba zan tsaya a tsakiya ba. Kin ce ba za ki sa hannu a kansa ba. Wannan tsakaninki da kakarki ne, ni ɗan aike ne.

Kakanki,
Inkham


Bangkok, 11 ga Janairu

Kesorn,

Gaisuwa. Ina nan lafiya. Kullum ina tambayar mai raba wasiƙu, har ya fara girgiza kai tun daga nesa.

Aiki ya ƙare. Je Kimlang ta karɓi shidanta, ta ƙirga su sau biyu kamar za su gudu. Akushin kakarki ya tashi jiya, ta jirgin sama wannan karon. Je ce ta naɗe shi da tsohon zanenta da auduga, tana yi tana mita. Gogewar ƙarshe da tafin hannuna na yi, kwana biyu, har na ji fuskarsa ta yi santsi irin wanda nake so.

In ya iso kin ga ba za ki iya ba, ki ajiye shi a wuri mai tsayi, kada a sa shi ƙasa inda ƙafa take wucewa. Iyakar roƙona ke nan.

Inkham


Taoyuan, 24 ga Janairu

Ui,

Na sunkuya har ƙasa. Muna lafiya, ni da mijina. Ka ga na rubuta kalmar.

Ban amsa maka ba don da farko ina fushi, daga baya ina jin kunya, na rasa da wanne zan fara. Akushin ya iso saura kwana biyu biki. Na bar kwalin a kan gado yini guda ban buɗe ba. Farin kwanon kicin an riga an wanke shi. Prasong ya ce, "Ko ki buɗe ko in buɗe, ni ba ni da alkawari da kowa."

Na buɗe. Ban tsaya kallon baƙinsa ba, na kife shi na sa babban yatsana na hagu a ƙarƙashin ƙafar. Ui, duk abin da na taɓa riƙewa a rayuwata an yi shi ne don masu dama: almakashi, injin da nake aiki da shi, har murfin kwalba. Wannan saƙar ita ta bi yatsana. Na zagaya har na kai ƙulli biyun, na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka ƙone gawarta, don a lokacin ina nan ban samu zuwa ba.

An yi bikin a ɗakin cin abinci. Mu arba'in ne 'yan gida. Babbarmu ita ce Pa Samruai, mai dafa mana abinci, shekararta hamsin da biyu. Da ta ɗauki ƙaton kodin da ake zuba ruwan albarka da shi sai ta tsaya ta ce, "Wannan na farko ba nawa ba ne. Hannuna aro ne, Ui Inkham ne yake zubawa." Ruwan ya bi ta yatsunmu ya sauka kan furanni, ko ɗigo bai fita daga akushin ba.

Na taɓa ce maka babu wanda zai gane bambanci. Shugaban sashenmu, wani dattijo ɗan ƙasar nan, wanda ban taɓa jin ya yi magana in ba faɗa ba, ya jira aka zubar da ruwan, ya ɗauki akushin da hannu biyu, ya ɗan matsa bakinsa. Ya ce ubansa ma aikin ƙaro yake yi. Ya tambayi sunan mai shi, na faɗa masa sunaye biyu.

Kwalin jirgin ruwa ya iso washegarin biki. Giwaye duk lafiya. Na karanta doguwar wasiƙar, mun yi dariyar mai gashin baki har Prasong ya ƙware.

Yanzu saura naka. Talatin ga wata ka je, ko Je Kimlang ta ja ka da igiya. Mun nemi hutu a watan Afrilu, lokacin sabuwar shekararmu ta gargajiya, an ba mu kwana goma. Za mu zo ƙauye da akushin, mu durƙusa mu zuba maka ruwa a hannu, mu nemi gafara yadda ake yi wa manya. Ina so ka gan mu da idonka. Ga hoto na sa a ciki.

Jikarka,
Kesorn


Bangkok, 13 ga Fabrairu

Zuwa ga Kesorn da Prasong,

Ina gaishe ku, ina sa muku albarka. An yi aiki. Je Kimlang ba ta zo da igiya ba, amma ta rufe rumfa ta raka ni, ta ce wa ma'aikatan asibiti ita ƙanwata ce, wadda ta fi ni hankali.

Zan faɗa miki yadda yake, kada ki ji a bakin wani. Idon dama ya buɗe tar. Na hagu an makara, likita ya ce yanar ta daɗe ta danne abin da ba ya gyaruwa. Haske da duhu kawai zai riƙa gani. Na san abin da za ki ce, ki ajiye shi sai Afrilu ki faɗa mini a gabana. Ni dai na auna tun a watan Nuwamba, kuma da za a mayar da ni bakin rumfar nan, hanyar da na bi ita zan sake bi.

Abu na farko da na duba da sabon idon shi ne hotonku. Prasong yana da kunnuwa manya, alama ce mai kyau, amma a gaya masa ya riƙa haɗa yatsunsa in ana zuba ruwa, albarka ba ta son ɓaraka. Ke kuma kin rame. Akushin yana tsakiya, fitilar ɗakin tana kwance a jikinsa. Shekara tara rabona da ganin aikina da ido. Na daɗe ina kallo.

Ran Asabar na je rumfar Je na duba shidan ɗaya bayan ɗaya. Biyar ba su da abin faɗa. Na huɗu akwai wani siririn layi kusa da baki da yatsana ya tsallake. Na ce ta sauke shi daga kan kantar, zan tafi da shi ƙauye in sake.

"Babu wanda zai gani, tsoho."

Na ce, "Haka wata ta taɓa faɗa mini."

Ta cire takardar da take cewa kayan fadar Chiang Tung ne daga kantar. Yanzu akwai wani kwali da ta rubuta da hannunta, cewa Inkham na Lamphun ne ya gyara, ƙanen Buaphan mai saƙar hagu. Rubutunta ba shi da kyau, amma sunayen daidai suke.

Jibi zan koma gida. Zan sa a share tsakar gida, a gyara matakalar da ta karye kafin ku zo. Ku taho da akushin a hannu, kada ku sa shi cikin kaya. Ki gaya wa mijinki kada ya tsorata in ya ga hannuwana. Ƙaro ya shiga faratan da layukan tafin, baƙi ƙirin, kamar yadda kika san su kina yarinya. Ma'aikaciyar asibiti ta sa sabulu da buroshi ta yi ta fama, na ce ta bar shi haka. A kansu za ku zuba ruwan.

Kakanku,
Inkham